Raunin da Ba Ya Zubar da Jini

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata uwa daga cikin zumuntar mata ta tsayar da ni a ƙofar majami'a, ta ce tana da magana. Muka koma gefe, ƙarƙashin mangwaro. 'Yarta ta fari ma'aikaciyar jinya ce, shekara biyu ke nan da ta sami aiki a wani asibiti a Ingila. Ta ce mini, "Malam, yarinyar nan ba ta barci. Ƙarfe biyu na dare sai ta buga mini waya, ta yi shiru, can sai in ji tana kuka."

Da na tambayi dalili, sai ta ce abin ba ɗaya ba ne. Wani tsoho majinyaci ya ce kada baƙar mace ta taɓa shi. Idan ta yi magana a taron ma'aikata, sai a sa ta maimaita sau biyu sau uku, kamar ba Turanci take yi ba. Ranar da wani abu ya ɓace a ɗakin majinyata, ita aka fara kira. Babu wanda ya mare ta, babu wanda ya hana ta albashinta. Da mahaifinta ya ji, sai ya karɓi wayar ya ce, "'Yata, aiki kika je yi. Zagi ba ya tsirowa a jiki. Ki yi haƙuri, ki yi addu'a, ki manta." Tun daga ranar ba ta sāke yi masa maganar ba, barcin kuwa bai dawo ba.

Ya ku masu karatu, da yawa daga cikinmu da mu ne muka riƙe wayar nan, abin da uban nan ya faɗa shi za mu faɗa, kuma da zuciya ɗaya. Yana ƙaunar 'yarsa. Ya ga wahalar da ta fi wannan da idonsa. Amma tambayar tana nan: shin gaskiya ne raini saboda launin fata ba ya yi wa mutum kome muddin bai taɓa jikinsa ko aljihunsa ba? In kuwa yana yi, wane hakki ne ya rataya a wuyanmu game da wanda abin ya sama? Amsata ita ce, wariyar launin fata tana yi wa hankali rauni na gaske, irin wanda likitoci ke iya aunawa, kuma wanda ya umarci mai rauni ya yi shiru ya ƙara masa ciwo ne, ko da ya yi nufin alheri.

Abin da 'yan tsana suka tona

A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka tara yara baƙaƙe fiye da 250, masu shekara 3 zuwa 7. Suka ajiye wa kowane yaro 'yan tsana iri ɗaya, bambancinsu launi ne kawai: waɗansu farare, waɗansu baƙaƙe. Sai su tambayi yaron wacce yake so ya yi wasa da ita, wacce ce mai kyau, wacce ce mummuna. Yawancin yaran suka zaɓi farar 'yar tsana, suka ce ita ce mai kyau. Fiye da rabinsu suka nuna baƙar a matsayin mummuna. Daga ƙarshe sai a ce wa yaron ya nuna wadda ta yi kama da shi. A nan ne waɗansu suka fashe da kuka, waɗansu suka gudu daga ɗakin.

Babu wanda ya doki yaran nan. Babu malamin da ya tsaya a aji ya koya musu su ƙi kansu. Sun tsinci darasin ne daga abin da suke gani kullum: wa ke shiga ta ƙofar gaba, wa ke zama a bayan mota, makarantar wa ce mai rufin kirki. Sa'ad da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata a ranar 17 ga Mayu 1954, ta ambaci aikin Clark cikin hujjojinta, ta kuma ce rabuwar tana dasa wa yaro jin ƙasƙanci a zuciya, irin wanda da wuya a tumɓuke shi. Daga baya masana sun yi ta muhawara a kan yadda aka tsara gwajin, amma babban abin da ya nuna bai rushe ba: mutum yakan karɓi hukuncin da duniya ta yanke masa ya mai da shi nasa, tun kafin ya san ma'anar kalmar wariya.

Yadda raini ke shiga jiki

Allah ya halicci jikinmu da wata dabara ta kāre kai. Idan mutum ya ci karo da maciji a gona, nan take zuciyarsa ta shiga bugawa da sauri, jini ya hau, jiki ya saki sinadaran da ke shirya shi ya gudu ko ya yi faɗa. Da macijin ya wuce, kome ya koma daidai. Matsalar tana zuwa ne idan macijin bai wuce ba. Mutumin da zai shiga kanti yana sane da cewa mai gadi zai bi bayansa, ya hau jirgin ƙasa yana lura da wanda zai tashi daga kusa da shi, ya isa wurin aiki yana auna kowace kalma kada a ce ya cika fushi, wannan jikinsa ba ya samun hutu. Daga nan rashin barci ke farawa, sai fargaba, sai hawan jini, sai baƙin cikin da ke hana mutum jin daɗin abinci da hira.

A 1992 wata masaniyar lafiyar jama'a a Amurka, Arline Geronimus, ta kwatanta abin da yadda ruwa da iska ke cin dutse a hankali: babu ɗigon da za a nuna a ce shi ya huda dutsen, amma ga ramin nan. A 2015 wasu masu bincike suka haɗa sakamakon nazari 293 da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, suka tarar cewa mutanen da ke fuskantar wariya sun fi fama da ciwon damuwa da fargaba, kuma alaƙar ta fi ƙarfi a lafiyar hankali fiye da ta jiki. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da ya nuna cewa idan 'yan sanda suka kashe baƙar fata marar makami a wata jiha ta Amurka, baƙaƙen fatar jihar sukan ba da rahoton ƙarin kwanakin damuwa a watannin da ke biye, har da waɗanda ba su san mamacin ba. Ba a ga irin wannan canji a cikin fararen jihar ba.

Wani zai ce watakila abin a jini yake. Likitocin Ingila sun bi wannan zato. Wani babban bincike da aka yi a Landan da Nottingham da Bristol, wanda aka buga a 2006, ya tarar cewa baƙaƙen fata 'yan asalin tsibiran Karibiyan da na Afirka suna kamuwa da taɓin hankali mai tsanani ninki da yawa fiye da fararen Ingila. Amma binciken da aka yi a Jamaika da Trinidad da Barbados a shekarun 1990 bai sami wannan yawan ba a tsakanin dangin mutanen nan da ke zaune a gida. Jini ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta. Wani bincike kuma a kudancin Landan, a 2001, ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa a unguwannin da baƙaƙe suka fi ƙaranci, inda mutum yake shi kaɗai. Iyaye su riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

David Oluwale

Alƙaluma ba su da fuska, don haka bari in ba ku labarin mutum ɗaya, ɗan ƙasarmu. A 1949 wani saurayi mai suna David Oluwale ya ɓuya a cikin jirgin ruwan kaya daga Legas, ya sauka a garin Hull na Ingila. Bayan ɗaurin kwana 28 saboda shiga jirgi ba tikiti, ya zauna a birnin Leeds yana ƙananan ayyuka. Abokansa sun san shi da fara'a da son rawa da iya sa tufafi. A 1953 'yan sanda suka kama shi bayan wata hatsaniya, abokansa kuwa sun ce an buge shi da kulki a ka. Daga kurkuku aka wuce da shi asibitin masu taɓin hankali na Menston, inda ya yi shekara 8 ana ba shi magunguna masu ƙarfi, ana kuma jona masa lantarki a ka. Da ya fito, waɗanda suka san shi a dā suka ce ba mutumin da suka sani ba ne.

Ya rasa aiki, ya rasa ɗaki, ya koma kwana a ƙofofin kantuna. Wasu 'yan sanda biyu suka mai da shi abin wasansu. Shaidu sun faɗa wa kotu yadda sukan tashe shi da shuri, su ɗauke shi a mota cikin dare su yar da shi a bayan gari. A ranar 4 ga Mayu 1969 aka tsamo gawarsa daga kogin Aire. Wani ɗan sanda mai koyon aiki ne ya tona asirin, kuma a 1971 kotu ta ɗaure jami'an biyu saboda cin zarafinsa, ko da yake alƙali ya janye tuhumar kisa. A 2022 mutanen Leeds suka kafa allon tunawa da shi a kan wata gada. A daren ranar aka sace allon.

Ba mai iya rantsewa cewa da ya zauna a Legas ba zai taɓa yin ciwo ba. Abin da ke a fili shi ne, a kowace ƙofa da ya ƙwanƙwasa yana neman taimako, launinsa aka fara gani kafin ciwonsa. Raini ya taimaka wajen karya shi, sa'an nan aka nuna karyewar a matsayin hujjar cewa dama ya cancanci raini.

Sa'ad da likita ya tsaya a gefen mai wariya

Wannan juya laifi yana da dogon tarihi. A 1851 wani likita a Luisiyana ta Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bawan da ke gudu daga ubangidansa yana fama da wani ciwon hauka ne, ya kuma ba da shawarar bulala a matsayin rigakafi. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi, mutumin da ya kwatanta tunanin ɗan Afirka lafiyayye da na Baturen da aka yi wa tiyata aka lalata gaban ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya tashi ya ƙaryata shi ɗan Abeokuta ne, Dokta Thomas Adeoye Lambo. A 1954 Lambo ya fara wani tsari a Aro: majinyata su zauna a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani daga danginsu, su zo shan magani da rana, su koma cikin mutane da yamma. Duniya ta zo ta koyi wannan daga wurinsa, har ya zama mataimakin shugaban hukumar da ta buga littafin Carothers. Abin da Lambo ya gane shi ne abin da likitocin Landan suka auna daga baya: hankalin da ya raunana yana warkewa ne a cikin mutanen da suka san sunansa.

To, haƙurin fa?

Dole in saurari uban nan da kyau, gama hujjarsa tana da nauyi. Zai ce, na ɗaya, an koya mana haƙuri da gafara. Na biyu, a nan gida mutane suna kwana a daji saboda 'yan bindiga, waɗansu suna kwana da yunwa. Ina harara ina wannan? Na uku, wanda ya sa wa ransa cewa kowa yana ƙinsa zai ga wariya har inda babu ita, ya zama mai ɗacin rai.

Hujja ta uku gaskiya ce, kuma masu hikima sukan yi taka-tsantsan da ita. Ba kowane mai ɗaure fuska ne mai wariya ba. Wani gajiya ce, wani halinsa ke nan ga kowa. Sai dai a lura, wannan rashin tabbas ɗin shi kansa yana cikin nauyin. Wanda aka mara ya san an mare shi. Wanda aka tsallake wajen ƙarin girma sau uku zai kwana yana juya abin: launina ne, ko ni ne ban iya ba? Idan ya kawo wa iyayensa maganar suka ce zato ne kawai, sai ya rasa wurin da zai auna tunaninsa, ya fara shakkar hankalinsa.

Hujja ta biyu kuwa, ciwon wani ba ya warkar da na wani. Mai karyayyen yatsa ba ya daina jin zafi don maƙwabcinsa ya karye a ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai batun haƙuri. A cikin Ayyukan Manzanni sura 6 an ba da labarin gunagunin farko a ikilisiyar Urushalima: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Wariya ce ta harshe da asali, a tsakiyar masu bi. Manzanni ba su ce wa matan nan su yi haƙuri su manta ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. A sura 16, bayan an yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, aka aiko a sake su a ɓoye. Bulus, wanda ya yi waƙar yabo a kurkukun da tsakar dare, ya ƙi fita sai mahukunta sun zo da kansu. Haƙurin da Littafi Mai Tsarki ya koyar shi ne ƙin rama mugunta da mugunta. Bai haɗa da musun cewa an yi muguntar ba. Gafara ma tana bukatar a fara kiran laifi da sunansa, gama ba a gafarta abin da aka ce bai faru ba.

Gyara kayanka

Ikilisiya ba za ta yi wannan magana kamar mai hannu tsarkakakke ba. Shekaru aru-aru masu cinikin bayi suna fakewa da labarin Nuhu a Farawa sura 9, suna cewa baƙar fata la'ana ce, alhali Kan'ana aka la'anta a wurin, kuma ba a ambaci launin kowa ba. A 1857 majalisar ikilisiyar Dutch Reformed a Afirka ta Kudu ta yarda a raba wurin sujada da teburin Ubangiji bisa launi, kusan shekara 90 kafin gwamnati ta mai da wariya dokar ƙasa a 1948. A nan gida, Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a 1864, ya zauna a wani taro a Onitsha a 1890 yana tsoho, wasu samarin mishan Turawa suka dakatar da fastocinsa a gaban idonsa, har da ɗansa. Shanyewar jiki ta same shi a shekara mai zuwa, ya rasu ranar 31 ga Disamba 1891. Sai a 2014 Babban Bishop na Canterbury ya tsaya a bainar jama'a ya furta kunya da tuba a kan abin da aka yi masa.

Mu ma a gidajenmu akwai abin dubawa. Uwar da ke ce wa 'yarta baƙa ta daina shiga rana kada ta rasa miji, gwaggon da ke yabon jariri don ya fito fari, budurwar da ke shafa man bilicin har fatarta ta ƙone, duk suna amsa tambayar Clark ne, kuma farar 'yar tsana suke nunawa. Yaranmu suna ji.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Iyalan da ke da ɗa ko 'ya a Ingila, ko Amurka, ko Kanada, ko ƙasashen Larabawa, ga abin da nake roƙo. Idan yaro ya buga waya da irin wannan magana, a fara da sauraro. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Sun ɓata ne sa'ad da suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa. A tambayi yaro ko yana barci, ko yana cin abinci, ko yana da wanda yake hira da shi, kafin a tambaye shi kuɗin makarantar ƙannensa. Da yawa suna ɓoye halin da suke ciki domin sun san an sayar da gona ko an ci bashi kafin su tafi.

A ƙarfafa shi ya nemi zumunta, ko ta ikilisiya ko ta 'yan gida, gama kaɗaici shi ne ke buɗe wa ciwon ƙofa. A ƙarfafa shi ya rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru, ya kai ƙara ta hanyar da doka ta tanada a wurin aikinsa. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, abin da gwaurayen Urushalima suka yi ke nan. Idan rashin barci da kuka da yanke ƙauna suka wuce mako biyu, ko ya fara cewa gara ya mutu, a sa shi ya ga likita ba tare da jinkiri ba, kuma a ci gaba da addu'a. Sa'ad da annabi Iliya ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci. Magana ta zo daga baya.

Na roƙi uwar nan ta bar ni in yi magana da maigidanta. Muka zauna a ƙofar gidansa da yamma, na ba shi labarin David Oluwale. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Malam, ni ina tsoron ne kada ta bar aikin ta dawo hannu wofi." Na ce masa tsoronsa yana da dalili, amma yarinyar da ba ta barci ita ce ta fi kusa da barin aikin. Daren ranar ya buga mata waya da kansa. Matarsa ta gaya mini cewa abin da ya fara faɗa shi ne, "'Yata, gaya mini abin da suka yi miki, daga farko." Sun yi fiye da awa ɗaya suna magana.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji.